Juma'a Bakwai da Ban Zo Tafo Ba

Zuwa ga Memuna, 'yar kawuna, taubashiyata.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, bari in fara da masu leƙen wasiƙar nan ta kafaɗata, don na san suna nan. Ku ba ni amsa: abu biyu ne, ba sa magana sai sun zauna kusa da juna. Abin da ɗaya ya ji, ɗayan ya ji. Abin da ɗaya ya manta, ɗayan ma dole ya manta. Mene ne? Ku riƙe tukuna. Ke kuma Memuna ki yi shiru, kin san amsar.

Gobe kwananki arba'in. Na ce bari in yi miki magana tun gidan bai cika da mutane ba.

Kin tuna lokacin da kunnenki ya tafi? In na kira ki a waya sai in yi ta ihu har mutanen unguwarmu Moshi Zango su san sirrinmu, ke kuwa kina can kina cewa "Wa ya haihu?" Shi ne 'yarki Adisa, da ta dawo daga aikin asibiti, ta sa mana littafin rubutu a cikin wayoyinmu. Ta ce littafi ɗaya ne a waya biyu. Ba ya cin data, ba ya bi ta hannun kowa. In wayoyin sun zo kusa, abin da na rubuta ya tsallaka wajenki, naki ya tsallako wajena. Don lokacin shan maganin hawan jini ta yi shi. Mu kuwa muka mai da shi filin tsiya.

Kowace Juma'a sai in hau tirotiro, motar haya, zuwa gidanki a Tafo. Ki shimfiɗa tabarma, mu ɗora wayoyin a kan faranti gefe da gefe, ki ce, "Bar su su gaisa." Su yi 'yar girgiza, shi ke nan sun gama gulmarsu. Dokarki ce ba mai karantawa sai ta koma gida. Sau nawa na karya dokar na fashe da dariya a mota, har wata Maame, mata 'yar ƙasar nan, ta matsa gefe ta ɗauka taɓin hankali ne.

Ni aji huɗu na yi, ke aji uku, amma kullum ke ce mai gyara mini rubutu. Kuma ke ce ba ki taɓa rubuta sunana daidai ba. "Azimi." Har kika tafi, Azimi nake.

Sai ranar da kika rubuta cewa shekara talatin ina sayar wa mutane ruwan zafi da sunan koko, kuma marigayi mijina Alhaji ma a gidanki yake zuwa shan na kirki. Wasa ne, na sani. Mun faɗa wa juna abin da ya fi wannan. Amma ranar ya same ni a wurin da ke ciwo. Na zauna na rubuta miki layi ɗaya: "Kurma, ko mutuwa kika yi ba zan zo ba." Na ce ranar Juma'a zan kai miki shi da zafinsa. Da Juma'ar ta zo sai na ga rashin zuwan ya fi zafi. Na aika cewa gwiwa ce. Gwiwata lafiyarta lau, Memuna.

Juma'a bakwai. A ta takwas aka ɗauke ki.

Ranar addu'ar uku ina zaune a tsakar gidanki cikin mata, carbi a hannu, waya a jaka. Ban san taki tana ɗaki a jone da wuta ba. Malam na tsakiyar addu'a sai na ji girgiza a cinyata. Irin girgizar nan. Ta tsaya, ta sake, ta sake. Matar da ke kusa da ni ta ce ana kira na. Na ce mata e, na ji.

Na bi dokarki, ban duba ba sai da na koma gida. Ashe ba ki daina rubutu ba ko mako ɗaya. Kin zage ni a kan gwiwar ƙarya. Kin ba ni labarin akuyar maƙwabta da ta cinye miki mayafi a kan igiya. Kin tambaye ni sunan garin kakarmu a bayan Ƙonni, wai ya ɓace miki. Daga nan rubutun ya fara gajarta, haruffan suna hawa kan juna. Na ƙarshe, kwana biyu kafin ranar: "Azimi yau na dama koko ya tsinke. Zo ki yi mini dariya."

Sai da na gama kuka na tuna hanyar nan biyu ce. In naki ya zo, nawa ya tafi. Na ce ba zan zo ba ko kin mutu, sai ga shi na zo, kuma da hannuna na ɗauko maganar a jaka na shigar da ita ɗakinki, kina kwana uku a ƙasa.

Adisa ce ta karanta. Wayar ta koma hannunta. Da ta zo gaishe ni ba ta ɗaga ido ba. Ta ce, "Mma Azumi, na goge littafin gaba ɗaya. Ba na son maganar wasa ta bi Mma kabari." Ban ga laifinta ba. Sai da ta kai ƙofa ta juyo ta ce Allah Ya sa yau ta bar wayar a gida, don duk ranar da suka sake haɗuwa, tawa za ta bi taki, ita ma ta goge. Haka aka yi su. Ba su san wanne ne kuskure ba, na baya-bayan nan kawai suke bi.

Tun ranar, in na ji sallamar Adisa sai in kashe waya in tura ta cikin kwanon samira in rufe, kamar ɓarauniyar nama. Ki yi dariya, na ba ki izini.

An nuna mini inda zan danna in raba wayoyin biyu, kowa ya kama gabansa. Na kai yatsa sau uku na janye. A saman littafin akwai ɗan layi da ke cewa yana jiran wayar Memuna. In na danna, layin zai tafi. Na taɓa raba mu sau ɗaya, kin ga abin da ya biyo baya. An kuma ce in kwafe rubutunki a takarda. Na gwada. Hannuna da kansa ya rubuta "Azumi" daidai, sai na ga ba ke ba ce.

To gobe zan zo Tafo. Zan zo da koko cikin babbar kula, mai kauri, wanda cokali zai tsaya a ciki, a raba sadaka da sunanki. Zan roƙi Adisa gafara a gaban mata. Sunan garin kakarmu kuma na tuno shi, zan faɗa mata ta riƙe. Wayar ce kaɗai ba za ta zo ba.

Ki yafe mini, 'yar kawu. Ba ki karanta layin nan da idonki ba, kuma ina roƙon Allah kada a karanta miki shi a can. Allah Ya haskaka kabarinki, Ya yalwata miki shi, Ya buɗe miki kunne ki ji abin da ya fi muryata daɗi. Idan tawa ta zo, Allah Ya ajiye ni kusa da ke, ko da a gefen faranti ne.

Taki har kullum,
Azimi, mai ruwan zafi.

Ku kuma masu leƙe, ga amsarku: wayata ce da wayar Memuna. Tata tana Tafo a jakar Adisa, tawa tana Moshi Zango a cikin kwano, kuma ba za su ƙara gaisawa ba.