Ƙafar Baba Tsakanin Fanka da Bargo

Anti, don Allah ki taimake ni, kaina ya ɗaure. Mahaifinmu yana da ciwon suga, ga gyambo a tafin ƙafarsa ta dama. Nas ɗin da ke duba shi ta ce mu riƙa auna zafin fatar gefen ciwon da na'urar nan da ake haskawa, mu gwada da ɗaya ƙafar. In ta dama ta fi zafi sosai, mu garzaya da shi.

To, in ni na auna, lafiya lau. In Yayana ya auna, ƙafar kamar garwashi. Na'ura ɗaya fa! Yanzu gaisuwa ma da ƙyar muke yi. Wai sakacina zai sa a yanke wa Baba ƙafa, ni da nake durƙushe kan ciwon nan kullum. Maganar ta ƙona min rai.

Baba ya fi son awona. Ba ya yarda in auna sai na kwance bandeji, na wanke da ruwan gishirin asibiti, ya miƙe ƙafar gaban fanka, wai ta sha iska. Yaya kuwa daga cikin bargo yake zaro ta, Baba na ta faɗa. Tun da aka yanke wa amininsa ƙafa, ko sunan asibiti Baba ba ya son ji. Jiya na ji ɗan wari daga ciwon, ban gaya wa kowa ba. Tsoro nake ji. Wa ke da gaskiya?

'Yar Baba

'Yar Baba, sannu da ɗawainiya. Na'urar ba ta yi wa kowa ƙarya ba. Ruwan wanki da iska suna sanyaya fata, bargo da bandeji suna ɗumama ta. Ke fanka kika auna, yayanki bargo. A riƙa aunawa kafin wanki, a kashe fanka, a buɗe ƙafafun biyu su ɗan huta, sannan a haska daidai wuri ɗaya, daga tazara ɗaya.

Amma wannan na gaba ne. Warin nan ya wuce batun na'ura, ku kai shi asibiti yau. Ki gaya wa yayanki da bakinki, ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Zafin bakinsa ma fargaba ce irin taki.

Baba kuwa ya riga ku gane aikin fanka. Kada ku yi masa faɗa, tsoro ne. Ku lallashe shi ku biyu, ku nuna masa zuwa da wuri ne ke ceton ƙafa. Allah ya ba shi lafiya, ya dawo gida da ƙafafunsa biyu.