Awon Ƙullutun Tsumma

Zuwa ga Uwata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da aiki. Mu nan lafiya lau, sai gajiyar kasuwa da wannan gwiwar tawa. Babarki tana gaishe ki.

Kada gabanki ya faɗi, maganar karenki ce, Tsumma. Ranar Asabar ina cire masa kaska sai yatsana ya ci karo da ƙullutu a gefen cikinsa. Kin san hannun mai sayar da yadi, shekara talatin yana laluben aibu. Na bi jikinsa kaf, na sami uku. Maƙwabcinmu mai gyaran rediyo ya ce a matse. Mahauci ya ce in kawo ya tsaga, aikin minti biyu ne. Na yi musu godiya, na kai shi wurin likitar dabbobi.

Biyu masu laushi ne, suna gudu a ƙarƙashin yatsa. Ta ce ɗaya kitse ne, ɗaya ruwa ne ya taru, a ƙyale su. Na ukun, na hammata, mai tauri ne kuma ba ya motsi. Shi ta so cirewa, amma ta ce kare mai shekara goma sha biyu ba lallai ya farka daga allurar barci ba. Ke kika kawo shi gidan nan a cikin tsumma, ni kika bar wa amanarsa. Sai na yi abin da na iya, wato ciniki. Na yi ta taya ta har muka daidaita: zan riƙa aunawa duk mako, ranar da ya wuce inci ɗaya, tiyata.

Ki kwantar da hankalinki. Awo sana'ata ce.

Naki,
Baba

Uwata,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ga saƙonki, ki daina kuka a wurin aiki.

Mako shida ke nan, kullum inci ɗaya saura kaɗan. Yana cin abincinsa. Ya ɗan fara ɗingishi, amma ni ma ina yi, ba wanda ya ce a yanka ni. Babarki ta ce abin ya ƙara girma. Na ce mata ido daban, tef daban.

Na gaji, zan tsaya nan.

Baba

Uwata,

Bayan gaisuwa, yaya jikin naki da na mutanen gida? Wannan takardar sau uku ina fara ta.

An yi wa Tsumma tiyata ranar Alhamis. Ya farka. Na fara da wannan don ki iya karanta sauran.

Ashe duk makonnin nan babarki tana ɗora farar takarda a kan ƙullutun tana zagaye shi da biro, in na fita kasuwa. Ranar Litinin ta jera mini takardun a kan tabarma. Zanen farko bai fi murfin kwalba ba, na ƙarshen ya kusa bakin kofi. Muka kai shi wurin likita, ta sa nata ma'aunin, inci biyu saura kaɗan. Ta miƙo mini tef ɗina ta ce in auna a gabanta. Na auna, inci ɗaya saura kaɗan. Sai a lokacin na ga abin da hannuna yake yi: babban yatsa ya danne naman, tef ya ɗan karkace. Wallahi ban sa shi ba. Shekara talatin yana sa tef ya faɗi abin da nake so, ya ga ina son inci ɗaya, ya ba ni.

Ban yi ciniki ba wannan karon, na sa hannu a takarda. Likita ta ce da an zo da wuri, da yankan bai kai haka ba, kuma abin yana iya dawowa. Mun yanke shawara da babarki, in ya dawo ba za a sake yanka shi ba, sai maganin ciwo da inuwa. In kina da ja, ki faɗa, karenki ne.

Yanzu yana kwance a ƙofar ɗakinki da wata roba kamar mazurari a wuya, yana hararata. Ki samu hutu ki zo ki gan shi, kada ki ce sai ƙarshen shekara.

In za ki tambayi yadda jikinsa yake, ki tambayi babarki. Tef ɗin yana hannunta.

Naki,
Baba