Dannawa Ɗaya ga Baba

Talata, bayan isha'i, Gumel

Yau na yi abin da na zaci gwaninta ce, na ƙare da jin kunya.

Tun da hannun Baba na hagu ya shanye, ba abin da ke ɗebe masa kewa kamar fayil ɗin kwamfuta da Yaya Sani ya turo masa daga Kano, mai shuɗayen layuka da ke buɗe karatun tafsiri. Sai dai a manhajar rubutun, danna maus, wato linzamin kwamfuta, kaɗai ba ya buɗe su, sai an haɗa da danne maɓallin kwantirol. Wai don kada mai gyaran rubutu ya taɓa layi bisa kuskure ya tsinci kansa a intanet. To, mai hannu ɗaya fa? Kullum sai ya kira ni: "Uwata, zo ki danne mini." In bar tukunya a wuta in taho, wani lokaci har da tsaki a zuci, Allah ya yafe mini.

Da la'asar na tona saitin har na cire wannan sharaɗin. Dannawa ɗaya, karatu ya fara. Na ce, "Baba, kun huta da kirana."

Ya dubi kwamfutar. Sai ya ce, "Allah ya yi miki albarka. Amma da, in kin zo dannewa, kikan ɗan zauna."

Wallahi ban taɓa lura ba.

Ba zan mayar da saitin ba, hannunsa na buƙatar wannan sauƙin. Amma gobe da hantsi zan shimfiɗa tabarmata a ɗakinsa, ko ya kira ko bai kira ba.