Sunan Nazih a jikin bango

Litinin, 4 ga Maris
An harbe Wafik Burhum a bakin gidan burodi, da rana tsaka. Ƙanen mijin Suhaila ne, 'yata. Na uku ke nan tun shigowar sanyi, biyu daga gidan Burhum, ɗaya daga gidan Kazzaz, duk a kan hanyar dutse da suke ƙetarar da ƙwaya ta cikinta. Mu dai surukai ne kawai. Haka nake ta faɗa wa kaina ina yankan albasa.

Talata, 5 ga Maris
Sun liƙa takardar rasuwa ko'ina. Na tsaya jikin bangon masallaci ina bin ta da yatsa, yadda Malama Wadad ta koya mana a ajin yaƙi da jahilci. A ƙasa, cikin masu karɓar gaisuwa: "da surukinsu Nazih Dibsi." Ɗana. Da cikakken sunansa, kamar wani babba.
Shekara hamsin da uku na yi takardun nan ba sa ce mini komai. Wa ya aike ni koyon karatu?
Kowa a garin nan ya san yaran Kazzaz suna ɗaukar hoton takardun. Mahaucin nan Rida, sunansa ya fito a ta watan jiya, bai cika sati biyu ba aka kashe shi.

Laraba, 6 ga Maris
Nazih kuwa murna yake yi. Ya shigo hannu duk baƙin taya, ya ce, "Umma, Abu Dirgam da kansa ya sa a rubuta. Girma ne." Abu Dirgam, shugaban gidan Burhum, wanda ko sallamarsa bai taɓa amsawa ba.
Na ce, "Kai mai faci ne, ɗan nan. Yaushe faci ya zama sarauta?"
Ya yi dariya, ya cinye mini zaitun. Shekara talatin da huɗu, 'ya'ya biyu, hankali babu.

Alhamis, 7 ga Maris
Na je wurin mai buga takardun. Ya ce, "Hajiya, abin da aka kawo shi nake bugawa. In na cire harafi ɗaya, da wane hannu zan buga ta gaba?" Ya ba ni kofi. Ban sha ba.
Suhaila kuma, da na roƙe ta ta sa baki, a kicin ɗin gidan Burhum, murya ƙasa-ƙasa: "Umma, ke gida za ki koma. Ni nan nake kwana."

Juma'a, 8 ga Maris
Na yi. Lokacin da maza suke masallaci na ɗauki baƙin alƙalamin nan mai kauri na makarantarmu, na bi bango-bango. Ba mai kallon tsohuwa da jakar cefane. A takarda talatin da takwas na goge sunansa, gwiwata kamar ta cire. Sunan da na fara iya rubutawa ke nan a duniya, kafin ma nawa.

Asabar, 9 ga Maris
Wauta. Da ba wanda ya kula da layin ƙasa, yanzu kowa sai ya matsa ya leƙa abin da aka shafe.

Lahadi, 10 ga Maris
Gidan Burhum sun ce Kazzaz ne suka yi, wai alama ce, Nazih ne na gaba. Ya dawo da bindiga a ƙugu da wani ƙato mai gemu da zai riƙa zama a shagonsa. Ko riƙe ta bai iya ba, ya ajiye mini a kan firij kusa da maganin hawan jini.
Ya ce, "Kin gani? Su suna kula da nasu."
Wai gobe da yamma zai bi su cikin mota, su zaga unguwar Kazzaz a gan su. Ya tambaye ni me ya sami yatsuna suka yi baƙi. Na ce ɓawon gyaɗar dutse ne, mai rina hannun nan.

Litinin, 11 ga Maris
Ban karya ba na tafi zauren gaisuwa, ɓangaren maza, da takalmina na cikin gida. Ina jin ana cewa, "Hajiya, ba nan ba ne." Na wuce har gaban Abu Dirgam, na buɗe masa tafin hannuna.
Na ce, "Alhaji, ba Kazzaz ba ne. Ni ce. Ga alƙalamin."
Ya daɗe yana juya carbi. Sannan ya dubi Nazih ya ce, "Je ka gida, uwarka na kira. Ka bar ƙarfen a nan, kada ta goge shi ma."
Duk zauren aka yi dariya, a gidan mutuwa. Nazih ya wuce ni kamar bai san ni ba.

Laraba, 13 ga Maris
Bai zo ba. Suhaila ba ta ɗaga waya. Na dafa waken da yake so, na ci ni kaɗai, ya yi gishiri.

Juma'a, 15 ga Maris
Takardar addu'ar bakwai ta fito, a makare. Na karanta sau uku. Ba ya ciki. Na biya ta gaban shagon, ƙaton ya tafi, shi kuma yana durƙushe kan tayar wata tarakta. Bai ɗago ba. Ya ji da shi, yana dai numfashi.
A inda sunansa yake da, yanzu Kamil ne, ɗan maƙwabciyata, mai tuƙa musu tankar ruwa. Da na gani wani sanyi na ji a ƙirjina. Ba zan rubuta ko na mene ne ba.
Uwarsa ba ta karatu. Ta same ni a wurin da kwandon lemo, ta ce, "Uwar Nazih, ke da kika zama malama, me suka rubuta?"
Na ce na bar tabarau a gida.
Yana cikin jakata, kusa da alƙalamin.