Abin da Ya Faru a Gindin Tsamiya

Litinin, 4 ga Mayu, 2015

Hilda maƙwabciyata, rubuta yadda na faɗa, kar ki gyara. Ni ban san baƙi ba, kuma in na bar shi a ciki zai kashe ni. Yau ɗana Hamajoɗa ya ɗauko 'yarsa Nahla daga unguwar Damilu, wurin uwarta Yusrah, wadda ya saka wata uku ke nan. Ba ɗauka ba ma, fizga. Ya kawo ta nan Jambutu, takalmi ɗaya a ƙafa, leɓe a fashe. Yarinya 'yar shekara huɗu. Ya ce, "Dada, in ta tsallake ƙofar nan, ke da ita zan haɗa."

Laraba, 6 ga Mayu

Yusrah ta zo da bappanta, tsoho mai sanda, da sallama suka shigo. Hamajoɗa bai amsa ba, ya ɗaga benci ya maka masa a ka. Jini har kan tabarmata. Yusrah ta riƙe ƙofa tana kiran 'yarta, ya datse mata yatsu da ƙyauren, na ji ƙarar ƙashi. Nahla na ƙarƙashin gado, ko kuka ba ta yi. Ni ina tsaye da ludayi a hannu. Ludayi.

Asabar, 9 ga Mayu

Sammaci ya zo, Yusrah ta kai ƙara. Kotu ranar sha takwas.

Talata, 12 ga Mayu

Ya zaunar da ni yana koya min magana. In gaya wa alƙali, ranar da muka gudo daga Mubi, Yusrah ta yar da Nahla a gindin tsamiya ta tafi, don haka ba ta isa riƙon yara ba. Ya ce, "Ai ba ƙarya ba ne, Dada."

To, ba ƙarya ba ne. Ta ajiye ta. Kwana biyu muna tafiya a daji, harbi a bayanmu, gwiwata ta ƙi, na zube a bakin rafi na ce su tafi. Yusrah ta ƙetare, ta kwance goyo ta ajiye a tsamiyar, ta dawo cikin ruwan ta goya ni. Shi Hamajoɗa tun safiyar farko ya hau mashin, wai zai nemo mota. A nan Jimeta muka same shi.

Alhamis, 14 ga Mayu

Na ce masa to sauran maganar fa? Ya murɗe min hannu har na durƙusa, ya buga kaina da bango. "Sauran me?" Ni na haife shi. Wannan kar ki rubuta, Hilda. To, tunda kin riga, bar shi.

Lahadi, 17 ga Mayu

Hannun ya kumbura, Hilda ce ta yi wa Nahla wanka. Yarinyar in ta ji mashin sai ta yi fitsari a tsaye. Zan faɗi abin da ya ce in faɗa. Tsoro nake ji.

Litinin, 18 ga Mayu

Ni ban yi komai ba, tambayata aka yi. Na faɗi nawa daidai, ta ajiye yarinya ta tafi. Alƙali ya ce, "Inna, ta tafi ina?" Wannan Hamajoɗa bai koya min ba. Na dubi yatsun Yusrah a naɗe. Na ce, "Ta koma ɗauko ni." Ya ce uban yana ina lokacin? Na ce a kan mashin.

An ba ta 'yarta. Shi 'yan sanda sun riƙe shi kan maganar bappa, yana ta kallona har aka fita da shi. Ban san ranar da zai fito ba.

Na ga takalmin nan ɗaya a ƙarƙashin gado, ɗan'uwansa yana Damilu. Gobe ki raka ni in kai. Kayana da kika gani a ɗaure, kar ki tambaye ni. Takalmi kawai zan kai.