Miyar Kuɓewar da Babu Gishiri

Zuwa ga Faridatu, hasken idona, sanyin ƙirjina, ruwan farkon damina a kan gonar da ta gaji da jira,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ya ke mai murmushin da ke mantar da ni cewa rana ba ta cika leƙowa garin nan ba, yaya jikin? Yaya hawan jinin? Ba na tsammanin amsa. Mako shida ke nan ina kiran wayarki tana kuka har ta gaji, shi ya sa na koma ga biro da takarda kamar mutanen da.

Labari ya iso ni. Kawu Abdul-Jalil, wanda shi ne ubanki a Landan, ya ce ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ki faɗa masa wanda zai turo magabatansa: ni Almu direban bas, ko kuwa Baha'uddeen mai digiri na uku a ilimin abinci, can Bloomsbury. Baha'uddeen! Rabin raina, ashe lalacewata har ta kai a jera sunana da na mutumin da bai taɓa sa albasa ta yi ja a tukunya ba?

Na gan ku Juma'ar da ta wuce a Regent's Park. Ba bibiyarki nake yi ba, ni ma salla ce ta kai ni masallacin da ke wurin. Kuna zaune a benci, ya buɗe miki wata 'yar roba yana wani ɗaga kafaɗa, sai ka ce ragon layya ya kawo. Koren wake ne da kuɓewa. Na kira ta kuɓewa ne don ban san wani sunan da zan ba ta ba. Waken ba mai, ba yaji, ba ko ƙamshin wuta, kore shar kamar daga ciyawar wurin aka yanko shi. Ita kuwa kuɓewar, baiwar Allah, an jiƙa ta a ruwan khal, ruwan tsamin nan na kwalba, an wanke mata yauƙi tas, an jera ta ɗai-ɗai. Da kunnena na ji yana cewa, "Ki yi finishing ɗinsa, Farida, six minutes kawai na yi steaming, nutrients ɗin duk suna nan." Kika ɗauki ɗaya, kika tauna kina kallon ƙasa, kika kora da ruwa. Na ga ƙashin wuyanki ya fito. Na ga zobenki na azurfa yana yawo a yatsa. Wallahi sai da na juya baya na share idona.

Shekara bakwai yana karatun abinci, abin da ya samo ke nan? Mutumin da ke auna wake a sikeli! Mai girki da agogo, hancinsa kuwa ya ajiye shi don ɗora tabarau! An ce mini har safar hannu yake sawa kafin ya yanka kuɓewa, kada ta taɓa masa fata. To ki tsaya ki yi tunani, zinariyata. Wanda ya dubi yauƙin kuɓewa ya ce aibi ne a wanke, me zai ce da dariyarki mai cika ɗaki? Me zai ce da tsiwarki? Ba zai yi wata uku ba sai ya jiƙa ki a khal ke ma, ya jera ki a falo, shiru, tsaf, ba ɗanɗano.

Ni kuwa tsiwar nan ce ta kama ni. Kin tuna ranar da kika hau bas ɗina a Old Kent Road, rungume da leda? Wani mai keke ya gilma, na taka birki, ledar ta kuɓuce, kuɓewa ta watse har ƙarƙashin kujeru. Kika harare ni, kika ce da Hausa, kina zaton babu mai ji, "Wannan ko jaki aka ba shi sai ya jefa shi rami." Na ce, "Allah ya huci zuciyarki, Hajiya, jakin ne ya yi tutsu." Kika toshe baki, sannan kika fashe da dariya har Turawa suna waige. Tun daga ranar ban sake zama nawa ba. Shekara biyu ina zuwa gidan Kawu duk Asabar da tukunyar miya a hannu, ana yi mini ba'a wai namiji da girki, ina cewa a yi ta yi, tunda ke kina neman ƙari.

Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ni na tsaga bangon da hannuna. Da kika yanke jiki kika faɗi a wurin aiki, likita ya ce jininki ya hau, ki rabu da gishiri. Na rantse miki zan kiyaye. Na dafa miya ban sa gishiri ba, amma na marmashe dunƙulen magi uku a ciki, na jefa 'yar kanwa, ina ce wa kaina ai likita gishiri ya hana, bai ambaci dunƙule ba. Kika ɗanɗana, kika tambaye ni me na sa, na ce ba komai. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kika ga takardun dunƙulen a cikin kwandon shara. Kika ce, "Almu, ashe daɗin miyarka ya fi maka raina." Ban san cewa dunƙule da kanwa duk dangin gishiri ba ne, wannan jahilci ne. Ƙaryar kuwa ina sane na yi ta, don kawai kada a ce miyata ta yi lami. Duk rainin da nake yi wa Baha'uddeen, ninkinsa nake yi wa Almun wannan rana, kuma ina neman gafararki.

Ban zauna ina kuka ba. Na tafi wurin Hajiya Amamata, 'yar Kumasin nan da kike sayen kuɓewa a shagonta, na faɗa mata abin da na aikata. Ta zage ni son ranta, sannan ta ce, "Dunƙule shi ne ya lalata ku, duk kun manta girki. Albasa, ka soya shi sai ya yi ja. Daddawa, ka gasa shi kaɗan. Kuɓewa kuma shi ba ya son murfi." Daga nan na kama.

Saurara ki ji, tauraruwata, abin da jami'a ba ta koya wa Baha'uddeen ba. Koren wake ba ruwa yake so ba, wuta yake so. A wanke shi, a goge shi ya bushe ƙarau, a bar kasko ya yi zafi sosai, a zuba ɗan man gyaɗa, a watsa shi a ciki, sannan a cire hannu. Kada a juya sai ya yi ɗigo-ɗigon baƙi, don a ƙunar nan zaƙinsa yake ɓoye. Sai tafarnuwa da ɗanyar citta da attarugu, sai soyayyen riɗi, in an sauke a matsa lemun tsami. Tsamin nan shi ke tsaya wa harshe a inda gishiri ya saba tsayawa.

Kuɓewa kuwa 'yar lallashi ce, kamar wata da na sani. A zaɓi ƙanana, waɗanda tsininsu ke ɓallewa da an lanƙwasa. A goge rabi, a yanka rabi. Romon na bandar kifi ne, wanda na jiƙa na zubar da ruwansa sau biyu, da daddawar da ba a barbaɗa wa gishiri ba, da masoro da 'yar kimba. Albasa a manja nake soya ta daban, sai miya ta haɗu nake zubawa, kada ta kashe yauƙi. Ba kanwa, maburgi ne ke aikinta, a yi ta bugu har dantse ya yi tsami. Ba murfi, ba lemo. Tukunya goma sha ɗaya na ɓata, na cinye abina ni kaɗai ina ɓata fuska, kafin ta goma sha biyu ta sa Hajiya Amamata ta lashe ludayi ta kawar da kai, wai ba laifi.

Zan ba Baha'uddeen haƙƙinsa, ko da yake bai fi cikin cokali ba. Batun gishiri gaskiya ya faɗa, shi ma a takardar asibiti ya karanta. Cirewa ya iya. Ya cire gishiri, ya cire mai, ya cire yauƙi, ya cire daɗi, ga shi yana neman cire miki nama daga jiki, yana kiran abin kulawa. Ai ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Wace irin ƙauna ce za ta zuba ido kina ramewa, ita tana duba agogo?

Ga roƙona, ya sanyin idona. Ranar Alhamis da la'asar zan ajiye kula biyu a shagon Hajiya Amamata, ɗaya miyar kuɓewa, ɗaya koren wake, da tuwon shinkafa a gefe. Ba za ki same ni a wurin ba, ba zan tsare ki da ido ba. Na rubuta duk abin da ke ciki, har ƙwayar masoro, ki nuna wa likitanki in kina so. Cokali ɗaya nake roƙo kafin ki buɗe baki a gaban Kawu.

Za ki ce yaya mai harshe irin nawa, wanda ya girma a kan dunƙule, zai san abin da zai yi miki daɗi? Yau kwana arba'in ke nan gishiri bai shiga bakina ba, Faridatu. Ba tsire, ba burodin shago, ba komai. Mako biyun farko duk abin da na ci kamar kwali nake taunawa, a lokacin ne na gane abin da kike sha ke kaɗai, ni ina gefe ina kare mutuncin miyata. Na so harshena ya zama irin naki ne, don kada in sake ɗanɗana miki abinci da bakin da bai san ciwonki ba.

In kuma shi kika zaɓa, zan mutu a tsaye, amma kada ki yaga takardar nan duka. Ki yanke inda na bayyana girkin ki miƙa masa, ai ya iya karatu. Gara in ji kina ƙoshi a gidansa da in sake ganin ƙashin wuyan nan. Ni dai ko wane suna kika ambata ranar Juma'a, ba zan koma wa gishiri ba muddin an hana ki shi.

Naki, yau da gobe, har ranar da zan kwanta dama,
Almu