Takobin da ba ya yanka

Zuwa ga Yaya Luba,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da Malam Tajuddeen da yara. Yaya ƙafar Inna? Kun samu zuwa gonar Furfuri bana, ko har yanzu hanyar ba ta biyuwa?

Na ji abin da hotona ya jawo, kuma hankalina bai kwanta ba. An ce da Inna ta gan ni fuska a rufe, takobi a hannu, sai ta ajiye wayar tana salati. Har yau ba ta ɗaukar kirana. Laifina ne, na manta abin da rufaffiyar fuska take nufi a wajenmu yanzu.

Wallahi Yaya wasan takobi ne kawai, a nan Turkiyya har gasarsa ake yi. Takobin siriri ne kamar tsumagiya, ba ya yanka, ragar da na rufe fuska da ita kuma don kariya ce. Inda ake koyarwa tafiyar awa huɗu ce daga makarantarmu, sau ɗaya na taɓa zuwa. A waya nake kallon darasi, in rataye ƙwallo a bishiya in yi ta suka. Babu mai gyara mini tsayuwa, gwiwata har ta fara ciwo, amma da sauƙi. Karatu lafiya lau. Yinin ne kawai ke yi mini tsawo, babu wanda zan ce wa sannu.

Don Allah ki je Bungudu ranar Juma'a, ki kira ni ta bidiyo kina gefenta. Zan cire ragar a gabanta, ta ga Mas'udunta ne. In ta ce in bari, na bari.

Ƙaninki,
Mas'udu